Mugu Shi Ya San Makwancin Mugu: Shin Faɗan Miyagu Adalci Ne?

Gabatarwa

Duk lokacin da labari ya iso gari cewa wasu miyagu sun far wa junansu, ko 'yan bindiga ne a daji ko dillalan ƙwaya ne a birni, abin da akan fara ji daga bakin jama'a shi ne hamdala. Wani ya ce ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. Wani ya ce Allah Ya ƙara haɗa su da junansu, Ya fid da mu lafiya. Ana yin wannan murna a tasha da kasuwa, ana yin ta a ɗakunan kwanan ɗalibai da ofisoshin malamai. Mutumin da aka kore wa shanu, ko uwar da ƙwaya ta haukata mata ɗa, babu mai hankalin da zai ga laifinsu idan zuciyarsu ta yi sanyi da jin irin wannan labari.

Duk da haka akwai tambayar da ya kamata mu tsaya mu yi wa kanmu, musamman mu da aka tara a jami'a domin koyon auna magana kafin a karɓe ta. Idan mugu ya kashe mugu, an yi adalci ke nan? Al'ummar da ta naɗe hannu tana jiran miyagunta su cinye junansu, shin tana kan hanyar tsira kuwa? Wannan maƙala za ta duba dalilin da ya sa gungunan masu fataucin miyagun ƙwayoyi da 'yan'uwansu na daji ba sa daɗewa kansu a haɗe, sa'an nan ta duba abin da rabuwar tasu take haifarwa. Za mu tsaya a ƙasar Zugurma da kewayenta, mu leƙa Meziko da Kolombiya inda wannan ciwo ya fi tsufa, mu dawo gida. Ra'ayinmu tun daga farko shi ne, rabuwar kan miyagu tilas ce domin a jinin sana'arsu take, amma da wuya ta zama magani ga wanda aka zalunta.

Daji da Hanya da Ƙwaya

Zugurma gari ne a ƙaramar hukumar Mashegu, cikin masarautar Kontagora ta Jihar Neja. Sunansa ya fi fita saboda dajinsa, wanda a ƙarshen shekarun 1970 aka haɗa shi da dajin Borgu aka kafa Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Kainji. Ɓangaren Zugurma kaɗai ya haura murabba'in kilomita 1,300. An keɓe shi ne domin namun daji da itatuwa, sai dai daji mai faɗi wanda masu gadinsa ba su da yawa maɓoya ce ga duk mai gudun idon hukuma. Mutanen wannan yanki sun ɗanɗana kuɗarsu. A watan Oktoba na 2021 'yan bindiga suka shiga masallacin ƙauyen Mazakuka, a Mashegun nan, lokacin sallar asuba, suka kashe masallata fiye da 15. A cikin wannan shekara dai aka sace ɗalibai a Kagara a watan Fabrairu, da 'yan Islamiyya a Tegina a watan Mayu, da ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni. Duk garuruwan nan maƙwabtan ƙasar Kontagora ne.

Mai karatu zai ce, to ina ruwan wannan da fataucin ƙwaya? Alaƙar kuwa a fili take. Babbar hanyar da ta taso daga Legas, ta ratsa Ilori da Jabba da Mokwa, ta bi ta Kontagora da Yawuri zuwa Sakkwato, ita ke ɗauke da goro da gishiri da man fetur, ita ce kuma ke ɗauke da tabar wiwi daga dazuzzukan Ondo da Edo, da tiramol ɗin da ake shigowa da shi daga Indiya ta tashoshin jiragen ruwa. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989 domin yaƙi da wannan fatauci, ta sha tare irin waɗannan kaya tsakanin Jabba da Mokwa, ta kuma sha bayyana cewa ta kama masu kai wa 'yan bindiga ƙwaya har cikin daji. Kuɗin fansa na sayen ƙwaya, ƙwaya kuma na busar da zuciyar yaron da aka ɗora wa bindiga.

Kasuwar kuma ba ƙarama ba ce. Binciken 2018 da aka gudanar tare da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3, masu shekaru 15 zuwa 64, sun yi amfani da kayan maye cikin shekara guda. Daga ciki miliyan 10.6 wiwi suka sha, miliyan 4.6 kuma magungunan kashe zafin ciwo irin su tiramol. A shekarar ce kuma Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Gaskiya ne gungunan da muke da su ba su kai na Meziko dukiya ko tsari ba. Amma irin iccen ɗaya ne, wancan dai ya riga namu girma, saboda haka duban 'ya'yansa zai nuna mana abin da namu zai haifa.

Cinikin da Ba Shi da Alƙali

Tun zamanin da, masana sun lura cewa ko ɓarayi ba sa iya sata sai da wani abu mai kama da amana a tsakaninsu. Aflatun, masanin falsafar nan na ƙasar Girka, ya kawo wannan hujja a littafinsa na Jamhuriya, inda ya nuna cewa gungun 'yan fashi ba zai cim ma kome ba muddin 'ya'yansa na cutar junansu. Watau ko mugunta ma sai ta ari ɗan adalci kafin ta iya tafiya. Shi ya sa mukan ji miyagu suna rantsuwa da juna, suna aurar wa juna 'ya'ya, suna kiran juna 'yan'uwa. To me ya sa wannan amanar aro ba ta daɗewa?

Dalili na farko shi ne rashin alƙali. Idan 'yan kasuwa biyu suka saɓa a kan buhunan masara a kasuwar Kontagora, akwai dillali da ya shaida cinikin, akwai sarkin kasuwa, akwai mai unguwa, akwai kotu. Wanda aka ba rashin gaskiya zai ji haushi, amma zai kwana a gidansa. Mai fataucin hodar iblis kuwa, idan aka cinye masa kaya, wa zai kai wa ƙara? Ba shi da takarda, ba shi da shaida, ba shi da ƙofar da zai buga. Alƙalinsa ɗaya ne, ita ce bindiga. Kuma da yake kowa a cikinsu ya san haka, kowa na gaggawar riga ɗan'uwansa harbi. Zargi kaɗai ya isa hukunci, domin babu wurin da za a je a wanke wanda ake zargi.

Dalili na biyu shi ne gado. Sarauta tana da masu zaɓen sarki, kamfani yana da dokar da ta faɗi wanda zai hau kujera. Gungun miyagu ba shi da ko ɗaya. A shekarun 1980 yawancin fataucin ƙwaya na Meziko yana hannun gungu guda ne mai cibiya a birnin Gwadalahara. Da aka kama shugabansa Felis Gayardo a 1989, sai yaransa suka rabe, waɗansu suka riƙe Tihuwana, waɗansu Huwares, waɗansu Sinalowa, kuma ba a jima ba suka shiga farautar juna. Ibn Haldun, a Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya bayyana yadda ƙarfin zumunci ke ɗaure jama'a har su yi nasara, sa'an nan shugaba ya so ɗaukaka ta zama tasa shi kaɗai, ya ture abokan gwagwarmayarsa, ya ɗauko 'yan haya su tsare shi, daga bisani 'yan hayar su fi ƙarfinsa. Kamar yana kallon abin da zai faru ga gungun Golfo na Meziko, wanda a ƙarshen shekarun 1990 ya ɗauki sojojin kundumbala da suka gudu daga aiki domin su yi masa gadi. Su ne aka sani da suna Zetas. A 2010 suka ɓalle, suka juya wa iyayengijinsu bakin bindiga.

Dalili na uku shi ne, a wannan sana'a cin amana ma haja ce, tana da farashi. Wanda aka kama yana da abu guda da zai sayar wa hukuma a rage masa ɗauri, watau sirrin abokinsa. Guzman, wanda ake wa laƙabi da El Chapo, da Zambada, wanda ake kira El Mayo, sun shafe shekaru masu yawa suna jagorancin gungun Sinalowa tare. A watan Janairu na 2019 ɗan Zambada ya tsaya gaban kotu a birnin Niyok ya ba da shaida a kan Guzman, wanda aka yanke wa ɗaurin rai da rai a shekarar. A ran 25 ga Yuli, 2024, sai ga ɗan Guzman ya sauka daga jirgin sama a ƙasar Amurka tare da tsoho Zambada, wanda ya ce yaudararsa aka yi aka ɗaure shi aka sa a jirgin. Ɗan wannan ya ba da uban wancan, ɗan wancan ya ba da uban wannan. Mugu shi ya san makwancin mugu.

A ƙarƙashin duk waɗannan dalilai akwai wani wanda ya fi su zurfi. Amana hali ce da zuciya ke sabawa da shi, ba a sa ta a cikin gida a tuɓe ta a bakin ƙofa kamar takalmi. Mutumin da kullum yake horar da kansa cewa ran bare ba kome ba ne in dai akwai riba, ya riga ya koyi darasin duka. Abin da ya rage masa kawai shi ne ya sake shata iyaka tsakanin ɗan gida da bare. Ranar da kason ɗan'uwansa ya yi masa yawa a ido, a ranar ɗan'uwan zai wayi gari bare.

Namu na Gida

Ba sai mun ƙetare teku ba kafin mu ga wannan. A tsakiyar shekarun 2010 babu sunan da ya kai na Buharin Daji firgita mutanen Zamfara. A ƙarshen 2016 ya yi sulhu da gwamnatin jihar, daga baya sulhun ya wargaje. A watan Maris na 2018 aka kashe shi. Wanda ya kashe shi kuwa na hannun damansa ne, Dogo Giɗe, kuma abin da rahotanni suka nuna shi ne saɓani ne a kan shanun surukin Dogo Giɗe da aka kore. Aka kai gawar Gusau, jama'a suka yi ta murna, mutane da yawa suka ɗauka ƙarshen ta'addanci ya zo.

Me ya biyo baya? Yaran da ke ƙarƙashin mutum guda suka watsu, kowane ya kafa dabarsa, ya zama kacalla mai cin gashin kansa. Ta'asar da aka fi sani da Zamfara ta ƙara malala zuwa Katsina da Sakkwato da Kaduna da Kabi da Neja. Shi kuwa Dogo Giɗe, wanda aka yi wa kallon wanda ya raba jama'a da ƙaya, shi ne aka danganta wa sace ɗaliban Birnin Yawuri a 2021, kuma waɗansu daga cikin 'yan matan ba su dawo ga iyayensu ba sai a 2023. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Haka labarin Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020. A Fabrairun 2021 ya ajiye makamai a Gusau, ya rantse ya tuba. Kafin wata uku ya koma daji, a ƙarshen Afrilu kuma aka kashe shi a wani artabu da wata dabar abokan gaba. Mutuwarsa ba ta hana sace 'yan Islamiyyar Tegina bayan wata guda ba.

A nan akwai abin lura. Faɗan miyagu jarrabawa ce wadda ba mai sauran imani ke cin ta ba. Wanda ya yi jinkirin harbi domin tunawa da tsohuwar abota shi ake binnewa, wanda ya fi rashin tausayi shi ke gadon bindigogi da yara da hanyoyin da ake kawo ƙwaya. Ke nan kowane zagaye na rigimar tankaɗe ne, yana zubar da mai dama-dama, yana bar mana mafi muni.

Wa Ke Biyan Kuɗin Rigimar?

Da a ce miyagu na keɓewa ne a wani fili su gama da junansu, da maganar ta zo da sauƙi. Amma a cikinmu suke faɗan, kuma daga aljihunmu ake biyan kuɗinsa. Yaƙi na cin harsashi da babura da abinci, wanda ya sha kashi a yau kuwa sai ya nemi abin mayar da asara gobe. A ina zai samo? A ƙauyen da ya fi kusa. Idan gungu ɗaya ya rabe uku, manomin da a da ke biyan harajin noma ga mutum guda yanzu zai biya uku, kuma kowannensu zai tuhume shi da kai rahoto ga ɗayan. Mai shago da ya sayar wa wannan daba burodi bisa tilas, waccan daba za ta ƙone masa shago bisa zargin haɗin baki.

Lissafin Meziko ya isa wa'azi. A 2007 an yi kisan kai ƙasa da 9,000 a ƙasar. A 2011, bayan gwamnati ta yi ta kama shugabannin gungu tana kashewa, gungunan kuma suna ta tsagewa, adadin ya haura 27,000. A birnin Huwares kaɗai an kashe mutum fiye da 3,000 a 2010, lokacin da gungu biyu ke takarar mallakar hanyar shiga Amurka. A watan Agusta na shekarar, 'yan Zetas suka kashe matafiya 72 a San Fanando, talakawa 'yan ci-rani waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Tun kafin nan, a watan Mayu na 1993, an harbe babban limamin Katolika na Gwadalahara a filin jirgin saman birnin, a tsakiyar rigimar mutanen Tihuwana da na Sinalowa. Bayan kama Zambada kuma, daga watan Satumba na 2024 yaƙi ya ɓarke a birnin Kuliyakan tsakanin 'ya'yan tsofaffin aminan nan biyu, aka rufe makarantu da shaguna, kuma kafin shekara ta zagayo an kashe fiye da mutum 1,000.

Kasuwar fa, ta mutu? An kashe Fablo Eskoba, shugaban gungun Medelin na Kolombiya, ran 2 ga Disamba, 1993. A 1995 aka kama shugabannin gungun Kali, abokan gabarsa. Amma a 2023 gonakin ganyen da ake yin hodar iblis da shi a Kolombiya sun kai hekta 253,000, abin da ba a taɓa gani ba a zamanin Eskoba. An kashe maciji ba a sare kansa ba, domin kan macijin yana wurin masu saye.

Da Ɗan Gari Akan Ci Gari?

Wani zai ƙalubalance mu ya ce, ai hikima ce hukuma ta yi amfani da wannan ɓaraka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma da ɗan gari akan ci gari. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Da wuya a rushe gungu ba tare da wani na ciki ya buɗe baki ba, kuma shaidar da ɗan Zambada ya bayar ta taimaka wajen ɗaure mutumin da ya daɗe yana gagarar ƙasarsa. Amma a lura da inda aka ba da shaidar. A gaban alƙali aka ba da ita, lauyoyin wanda ake tuhuma suka yi wa mai shaidar tambayoyi, aka rubuta, aka yanke hukunci. Cin amanar mugu ya zama alheri ne a nan saboda an sa masa linzamin shari'a.

Abin tsoro shi ne hukuma ta zaɓi mugu guda ta mara masa baya domin ya kashe mata sauran. A farautar Eskoba, wata ƙungiyar maƙiyansa mai suna Los Pepes, wadda mutanen Kali suka tallafa wa, ta yi ta kashe lauyoyinsa da makusantansa. Da ya faɗi, Kali ta gaje kasuwar, waɗansu jagororin ƙungiyar kuma suka zama shugabannin mayaƙan sa-kai da suka zubar da jinin manoma masu yawa. A Meziko, Garsiya Luna, wanda ya riƙe ma'aikatar tsaron jama'a daga 2006 zuwa 2012, watau shi ne jagoran yaƙi da ƙwaya, kotun Amurka ta same shi a 2023 da laifin karɓar cin hanci daga gungun Sinalowa, aka kuma ɗaure shi shekara 38. A nan kusa da mu, a Gini Bisau, wadda ta zama zangon hodar iblis a kan hanyarta ta zuwa Turai, an kashe hafsan hafsoshin soja da bam a farkon watan Maris na 2009, bayan 'yan sa'o'i sojoji suka kashe shugaban ƙasa, kuma masu nazari da dama sun sa takarar kuɗin ƙwaya cikin abubuwan da suka rura wutar. Wanda ya shiga faɗan kuraye domin ya zaɓi gwani, da wuya ya fito ba da warin kura a jikinsa ba.

Wannan ya kawo mu ga bambancin hukunci da ramuwa. Hukunci yana sauraron wanda aka zalunta, yana kiran laifi da sunansa, yana ƙoƙarin mayar da haƙƙi, sa'an nan ya rufe magana. Kisan da mugu ke yi wa mugu ba ya yin ko ɗaya daga ciki. Ba a kashe Buharin Daji saboda marayun da ya bari a ƙauyukan Zamfara ba, saboda rabon shanu aka kashe shi. Ba wanda ya tambaye shi wa ke sayar masa da bindiga, wa ke kawo masa ƙwaya, wa ke sayen shanun da ya kora, wa ke ba shi labarin zuwan soja. Duk waɗannan amsoshi an binne su tare da shi, masu su kuwa suka nemi sabon abokin ciniki. Sau da yawa mutuwar mugu a hannun ɗan'uwansa rufin asiri ce ga manyan da ke bayansa.

Idan Ɓera da Sata

Ya rage mu juyo da madubin wajen kanmu. Masu iya magana sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abin da miyagu ke faɗa a kansa kuɗi ne, kuɗin kuwa daga hannun mutane irinmu yake fitowa. Ƙwayar da ɗan acaba ke haɗiya domin ya jure rana, da wadda ɗan ƙwadago ke sha domin ya ƙara kunya biyu a gona, da kwalbar da ɗalibi ko ɗaliba ke ɓoyewa a ƙarƙashin katifa, da wadda ɗan siyasa ke raba wa 'yan bangarsa ran zaɓe, duk ƙoramu ne da ke malala kogi guda. Binciken nan na 2018 ya nuna cewa cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye ɗaya mace ce, saboda haka ciwon ya riga ya shiga cikin gida.

Akwai kuma wani saye da ba na kuɗi ba, watau sayen girma. Yaro ya bar gari ba shi da ko keke, bayan shekara biyu ya dawo da jerin motoci, ba mai tambayar sana'arsa. Mu ba shi sahun gaba, mu kai masa takardar neman gudummawa, mu ba shi 'ya. Ƙannensa na kallo, suna koyon cewa abin kunya ɗaya ne a duniya, shi ne talauci. Al'ummar da ke yi wa dukiyar mugu maraba da rana, ta kuma roƙi Allah Ya hallaka shi da dare, ta raba kanta biyu tun kafin miyagun su raba nasu.

Saboda haka aikin da ke gabanmu ya fi jiran labarin mutuwar wani kacalla wahala. Mu nemi a kama mai laifi da rai a kai shi gaban alƙali a bainar jama'a, a bi sawun kuɗinsa har inda suka kwana. Mu nemi a tsare mai ba da shaida, domin ba a tilasta wa talaka jarunta alhali gidansa na bakin daji. Mu nemi a ba dazuzzuka irin na Zugurma isassun ma'aikata, ƙauyukan gefensu kuma su ga makaranta da asibiti da kotu. Wanda ƙwaya ta kama kuwa majinyaci ne, a kai shi wurin magani, domin duk wanda aka warkar an rage wa dillali ciniki.

Kammalawa

Mun ga cewa gungunan masu fataucin ƙwaya da 'yan bindiga suna rabuwa ne saboda cinikinsu ba shi da alƙali, shugabancinsu ba shi da ƙa'idar gado, sirrinsu kuma abin sayarwa ne, sa'an nan zuciyar da ta saba cutar bare ba ta daɗewa ba ta cuci na gida ba. Mun kuma ga cewa daga Gwadalahara zuwa Gusau, abin da ke biyo bayan rabuwar shi ne ƙaruwar dabobi, da hawan mafi ƙeta kan kujera, da ninkuwar nauyi a wuyan talaka. Ba mu hana wanda aka zalunta ya yi ajiyar zuciya ranar da azzaluminsa ya faɗi ba, wannan ɗabi'ar ɗan'adam ce. Abin da muke gargaɗi a kai shi ne a ɗauki ajiyar zuciyar nan a matsayin adalci, har a daina neman na gaskiya. Manomin Mashegu da mai shagon Kuliyakan buƙatarsu ɗaya ce, su sami ƙofar da za su buga idan an cuce su, a buɗe musu, a kuma saurare su. Gina wannan ƙofa aikin masu ilmi ne, kuma daga cikinmu za a fid da alƙalai da jami'ai da malaman da za su tsare ta ko su sayar da ita. Allah Ya sa mu kasance cikin masu tsarewa, amin.